Kujerar Khaula

Shekara ashirin da biyu Khaula ta yi tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Poumpoumré. Ba likita ba ce. Ita ke auna zafin jiki, ta wanke miki, ta canza zanen gado. Abokan aikinta kan ce ta cika nawa, domin duk mara lafiyar da ya shigo sai ta jawo 'yar kujerarta ta katako ta zauna kamar ta zo gaisuwar suna. Takan yi dariya kawai, ba ta fasa ba.

Wata Talata aka kawo wata tsohuwa, Inna Hindu, karo na uku. Surukinta Mahamat, mijin 'yarta, shi ke rako ta saboda ya iya Faransanci, harshen da likitan ke ji. Dokta Antoine ya yi tambaya, Mahamat ya fassara, tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Aka sake rubuta mata maganin ciwon jiki.

Khaula kuwa hannun tsohuwar take kallo, yana dafe da ƙirji a ƙarƙashin mayafi. Sai abin ya faɗo mata: wace mace ce za ta ambaci nononta a gaban suruki?

"Malam Mahamat, don Allah je ka karɓo maganin, layin da tsawo," in ji ta.

Ta rufe ƙofa, ta zauna ƙasa da tsohuwar. "Inna, daga ni sai ke. Ina jin ki."

Khaula ta jira, ba ta matsa mata ba. Can Inna Hindu ta fara da labarin gero da jikoki, ta zaga, ta zaga, kafin ta ce akwai wani ƙulli kamar ƙwallon goruba a nononta na hagu, kuma yana ta girma.

"Ƙulli a hagu, kuma yana girma. Haka ne, Inna?"

"Haka ne, 'yar nan."

A makon aka tura ta babban asibiti, aka yi mata aiki. Likitoci suka ce da an ƙara jinkiri, da sai dai haƙuri.

Bayan wata huɗu ta dawo da ƙafarta, ta kama hannun Khaula ta ƙi saki. Khaula ta ji daɗi har hawaye suka zubo mata.

"Allah ya yi miki albarka," in ji tsohuwar. "Wata bakwai ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Kowa na tambayata jiki, amma ke ce kika tsaya jiran amsa."