Magdalena a Bencin Baya

Duk wanda ya san yayata Magdalena a shekarun da muka fara zuwa Abuja, ka ce masa yau ita ce mai sanyin nan, sai ya yi maka dariya. Mace ce mai baki, kai! Mun baro Zonkwa ne da farar hula suka karɓi mulki, lokacin gine-gine na tashi ko'ina, muka kama ɗaki a Dutse Alhaji. Ita tana dafa wa leburori shinkafa da wake a bakin gini, mijinta Yamusa kuma birkila ne. Leburan da ya kawo mata raini, da ludayi take raka shi har titi.

A coci ma haka take. Ba ta fashin sujada, ba ta fashin azumi, ga murya Allah ya ba ta, har aka zaɓe ta shugabar Zumuntar Mata. Kujerarta tana can gaba. Amma idonta yana kan kowa. Ɗankwalinki ya zame, ta gani. Siket ɗinki ya yi gajarta, Fasto zai ji kafin a tashi.

A cocinmu akwai benci na ƙarshe, dab da ƙofa. Wanda ya yi laifi dattawa suka sa shi horo, nan yake zama har ya cika lokacinsa. Ba ya shiga mawaƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji. Ko yara sun san bencin nan.

Sai Yamusa ya faɗo daga bene ya karye a ƙugu. Da ya fara takawa da sanda ba ya iya kaiwa gaba, dole Yaya ta riƙa zama da shi a bencin da ke gaban na horo. A nan ta ga abin da ba a gani daga gaba. Idan Fasto ya ce a gaisa da juna cikin salama, hannu yana zagaya coci duka, ya zo kan bencinsu ya tsaya. Na baya sai su sunkuyar da kai kamar suna neman aya. Ta dawo gida ran nan ta ce mini, "Elizabeth, ashe shekara da shekaru ƙeyata kawai mutanen nan suke gani." Daga nan bakinta ya fara sanyi. Ba dare ɗaya ba fa, kar in yi muku ƙarya, don har bayan haka na ga ta bi mai ruwa da zagi. Amma ta soma komawa ta ba da haƙuri, abin da ko mamanmu ba ta taɓa samu daga gare ta ba.

Yamusa ya warke, ta koma kujerarta. Ana nan sai Prudence, wata 'yar mawaƙa mai sayar da katin waya a ƙarƙashin lema, ta yi ciki ba aure. Ta furta da bakinta, aka sa ta horo. Lahadi ta farko ta zauna a baya, aka tashi ba wanda ya kalle ta. Da na je sayen kati ta ce mini, "Anti, na gama da coci. In Yesu yana ciki, ni ban gan shi ba." Na kai wa Yaya maganar.

Ranar Asabar Yaya ta je ta roƙi Prudence ta zo coci sau ɗaya tak. Washegari da safe ana tsakiyar waƙar farko, Yaya ta tashi daga gaba, cikin ankon Zumunta, ta ratsa coci tana takawa a hankali, ta zauna kusa da Prudence ta buɗe musu littafin waƙa ɗaya. Jama'a, daɗi kamar ya kashe ni!

Bayan sujada Dattijo Zacharias ya tare ta. "Mama Zumunta, mutane za su ce ke ma horo aka sa ki, ko kuma kina ja da dattawa. Ga zaɓe ya kusa."

Ta rusuna ta ce, "Baba, ban ce a ɗage horo ba, horo daidai ne. Amma ban ji kun ce a bar ta ita kaɗai ba."

Duk Lahadi can take zama. Aka yi zaɓe, mata suka kayar da ita. Ni na yi kwana ina masifa, ita ko ta riƙe wa sabuwar shugaba jaka har gida. Prudence kuwa ba ta sake fashi ba.

Ranar da horonta ya cika aka karɓe ta, Fasto ya kira sunanta, ta miƙe da jaririyarta a baya ta nufi gaba tana kuka, coci ya ɗauki waƙa. Na ruga wurin Yaya na kama hannunta. "To, aiki ya ƙare. Tashi mu koma gaba."

Ta nuna mini da baki ƙarshen bencin. Wani direba ne da aka sa horo saboda giya, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa.

Ta ce, "Shi fa?"

Ta ja jakarta ta matsa kusa da shi.