Tunkiyar Kulu da Buhun Leda

Har gobe ba zan manta da ranar da na ji wani ɗan ƙwas-ƙwas a bayan madafata ba. Hantsi ne, ina tsintar wake. Na ɗauka kaji ne ke tono, na kore su da baki daga inda nake zaune, ban tashi ba. Da na tashi a lokacin, da ba ni da wannan labarin da zan ba ku, ku sabbin shiga.

Bari in faɗi yadda na shigo aikin. Da yarana suka tasa, na so in yi wani abu na gyaran muhalli saboda Allah. Na fara da masu dashen itatuwa a hanyar Goronyo, amma aikin na daji ne, ni kuwa ba na nisa da gida. Na leƙa wajen masu gina murhu mai tsimin itace, hannuna ya ƙi laka. Sai Hajiya Asabe, shugabar ƙungiyarmu ta mata a Wurno, ta tambaye ni, "Ke mi ranki ka so tun kina ƙarama?" Na ce kiwo. Ta ce, "To zo ki tsinci leda. Ita ka kashe bisashen mutane." Ranar na san na samu wurina. Ba a daɗe ba aka ba ni kula da unguwarmu a Lahodu.

Tsarin aikin ba wuya. Mata su kawo wa mai kula ledar da suka tsinto. Ita za ta wanke ta da toka, domin ƙanshin gishiri da maiƙo ne ke jan dabba. Sai ta shanya, ta ƙulla dami-dami, ta zuba a buhu, ta rataye har mota ta zo ta kai wa masu narkawa a Sakkwato.

A makon da abin ya faru an yi biki a unguwa, ledar alala da ta ƙosai ta cika buhu. Rijiya kuma ta yi ƙasa. Na ce gobe na wanke. Na ƙulla su haka nan da tsumman wani jan zanena, na jingine buhun a ƙasa a bayan madafa. Bayan kaka ne, dabbobi duk a sake suke.

Da la'asar ɗin ranar da na ji ƙwas-ƙwas ɗin nan na tarar da buhun a yage, ga sawun tunkiya. Na share wurin, ban gaya wa kowa ba.

Maƙwabciyata Inna Ige tana riƙon jikarta Kulu, yarinya 'yar shekara tara da mahaifiyarta ta rasu ta bar mata tunkiya ɗaya. Bayan kwana goma tunkiyar ta daina cin abinci, ta rame, cikinta ya yi tauri. Malamin dabbobi ya zo daga Wurno ya latsa cikin, ya girgiza kai. "Inna, leda ta. Sai aiki Sakkwato, kuma ba ta kai hanya." Aka kira mahauci kada ta zama mushe. Ina tsaye ya buɗe tumbin, ya ciro dunƙulen leda kamar ƙaramar ƙwarya. Ya ce yawancinta ta daɗe a ciki. Ni dai jan tsummana nake gani a tsakiya.

Aka aiko mini da kason nama, yadda ake wa maƙwabta. Na ɗauki kwanon na koma, na durƙusa gaban Inna na faɗi komai. Na roƙa a bar ni in ba Kulu ɗaya daga cikin tumakina.

"Tashi, ɗiyata, kwananta yaƙ ƙare," in ji Inna. "Tunkiya kina iya ba ta, amma ta uwatta fa?"

Na je wajen Hajiya na ce zan ajiye aikin.

"Kin wanke?"

"A'a, Hajiya."

"Kin rataye?"

"A'a."

"To kin san inda kinka faɗi. In kin aje, tunkiyar na tashi?"

Abin da na gane shi ne, son abu yana kawo mutum bakin aiki, amma ba ya wanke masa leda. Kuma mu da muke tara abin da ke kisa wuri guda, sakacinmu ya fi na mai yar da guda a hanya.

Mako guda ban karɓi ledar kowa ba, ina kunyar haɗa ido da Kulu. Ran nan da safe sai ga ta ta yi sallama. Hannu ɗaya cike da ledar da ta tsinto, ɗaya riƙe da igiyar 'yar da tunkiyar tata ta bari, wadda ta fara ɗanɗana ciyawa. Ta miƙo mini ledar, ta kalli buhun da ke jingine.

"Gwaggo, ki rataye shi bisa sosai. Wagga ita ɗai tar rage mani."