Rediyon Da Ya Sha Fentin Sallah

Ladan mai gyara ne a Kasuwar Libiya ta Omdurman a ƙasar Sudan, kuma in ka ji yana cika baki sai ka rantse shi ya haifi lantarki. Kakansa ya baro Haɗeja da niyyar hajji, ya tsaya hutawa a bakin Nilu, hutun da bai ƙare ba ke nan. Ladan ya gaji halin: in ya ce maka gobe, ka je ka yi noma ka girbe. Da rediyo ya fara sana'a, zamani ya tura shi kan kaset, yanzu ga shi da furfura yana leƙen cikin wayoyin hannu da tabarau biyu a hanci.

Rediyo ɗaya ne ya gagare shi, kuma a ɗakin uwarsa yake. Na marigayi mahaifinsa ne, ƙaton akwatin katako mai kwalaben gilashi a ciki, ya yi shiru tun Ladan yana saurayi. Da idon uwar tasa, Hajja Hadizatu, ya tafi, sai ta kira shi.

"Ya waladi, ɗana, ka gyara na duniya ka bar na ubanka. Ina so in ji shi kafin a kira ni."

Wannan karon bai ce gobe ba, don maganar ta tsorata shi.

Ɓeraye sun riga sun yi walima da wayoyin ciki. Ba mai sake haɗa su sai da taswirar da ke nuna inda kowace waya ta dosa, taswira kuma sai an san sunan rediyon da lambar ƙirarsa. Nan gizo ke saƙa. Duk Sallah, in an shafe ƙofofi da ƙafafun gado kamar yadda gidajen unguwar ke yi, Hajja ba ta yarda ragowar fenti ya bushe a gwangwani, rediyon ke shanyewa. Ladan ya zauna da reza yana kankara: shuɗi, kore a ƙarƙashinsa, sai wani ruwan hoda da ba wanda ya yarda shi ya saya. Sunan ya fito, ƙirar Holan, amma lambar ta bi reza.

Ya tura hoto wa Muhajir, wani tsohon abokin sana'arsa a unguwar Hajj Yusuf. Muhajir ya ce irin waɗannan ana manna musu taswirar a cikin murfin baya. Rediyon kuwa ba shi da murfi.

"Yumma, ina allon bayansa?"

"Mai huji-huji? Yana ƙofar ɗakin tantabaru. Iska na shiga tamam."

Tantabaru sun yi wa takardar taswirar abin da suka saba yi. Rabi ya tsira, da lambar ƙirar a kusurwa, da ita Muhajir ya tono cikakkiyar taswirar a intanet. Ladan ya rufe shago yana ta liƙi da dalma, masu wayoyi suna zaginsa ta taga.

Ranar gwaji, bayan la'asar, ya ajiye shi kusa da gadonta ya murɗa. Irin wannan rediyo ba ya magana nan take, sai kwalaben sun yi ja sun ɗau zafi. Shiru, sai wani gurnani a hankali, sannan muryar mai labarai ta cika ɗakin. Ladan ya gyara zama zai fara yabon kansa.

"Khalas, kashe," in ji Hajja.

Ya kashe.

"Sake kunnawa." Ta juya fuska wajen akwatin. "Ubanka ba mai magana ba ne. In ya kunna, kafin abin ya yi zafi, a nan yake juyowa ya ce, Hadizatu, yaya kika wuni. Da mai labarai ya fara, na rasa shi sai gobe."

Ladan ya cire tabaran duka biyu, ya sake murɗawa, suka zauna suna jira.