Wankan Gishirin Tarwaɗun Malam

Shekarar da maigidana ya aje alli, bayan dogon zamansa yana koyarwa a lakwal a nan Magariya, na ɗauka zai shimfiɗa tabarma a zaure ya huta kamar tsararrakinsa. Ina! Sai ya kira magina suka gina masa kwamin siminti a bayan gida, daidai inda nake shanya kuɓewa, ya tsallaka iyaka ya dawo da 'ya'yan tarwaɗa cikin bido, jarkar nan ta ruwa.

Mutumin da bai san inda randar gidan nan take ba, ga shi kullum yana canja wa kifi ruwa. Yana watsa musu abinci yana faɗa, wai manya su bari ƙanana su ci, sai ka ce yana cikin aji.

Suna girma lafiya lau, sai wani amininsa na Bande ya kawo masa tsarabar kifaye masu rai daga tafkin garinsu. Malam ya yi ta godiya, ya juye su cikin nasa. Ba a jima ba duk suka daina cin abinci. Wannan yana goga jiki da bango, wancan ya taso sama yana haki, fatarsu kamar an barbaɗa toka. Ranar da muka fara tsame matattu, ya tsaya kansu, hula a hannu.

"Baki ne," in ji shi. "Kowa ya shigo sai ya leƙa ya ce kai, sun yi ƙiba."

Na ce, "Haba Malam, kai da ka tsufa kana koya wa yara wanke hannu?"

"To kifi yana da hannu ne?"

Da na ga ya ɗauko maganin tsutsar awaki zai tuttula musu, na ɓoye kwalbar, na aika aka kira wata tsohuwar ɗalibarsa da ta zama likitar dabbobi. Ta zo bisa moto, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kamo kifi ɗaya ta juya shi ta duba.

"Mushe," in ji ta, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, "ƙwarƙwata ce irin tasu, ƙanana ƙwarai. Baƙin nan na tafki ne suka zo da ita."

Malam ya ce, "Wanda ke kwana cikin ruwa ya tashi cikin ruwa, ina ya ga ƙwarƙwata?"

Ta danne dariya, ta ce a ware baƙin, a wanke kwami, a riƙa tsoma kifin cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci ana mayarwa. Har ta ƙara masa da cewa na teku da ake kiwo, su ruwan daɗi ake musu wanka da shi. Wannan ya burge Malam, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sha karatun.

Gishirina kuwa ya ƙare tas. Labari ya zaga unguwa, maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce ko a kawo soso da sabulu.

Wasu sun mutu, amma galibi sun tashi. Da suka isa sayarwa, masu suyar kifi na kasuwar Dungas suka kwashe, na riƙe biyu na yi farfesu. Malam ya ce shi ba zai iya ba, a ba shi tuwo da miyar kuka. Ya ci loma kaɗan, ƙamshi ya ishe shi, ya turo mini kwano ba tare da ya dube ni ba.

"Romon kawai," in ji shi.