Gidan Renon da Aka Gina Mana

Ni na cike takardar da hannuna, don haka kafin in zagi kowa, da kaina nake farawa.

A lokacin shekararmu uku a Kafanchan. Rikici ne ya koro mu daga ƙauyenmu da ke bayan Godogodo, muka kama ɗakuna a bayan layin dogo. Mijina a can ƙauyen ya rasu, ya bar ni da cikin 'yata, ita ke nan gare ni. Aikina yankan citta a wani sito kusa da kasuwa. Mai siton mutumin kirki ne, amma tun ranar da yaron wata ya ɗauki wuƙa ya hana zuwa da yara, kuma ban ga laifinsa ba. Yau in bar yarinyar a wannan ɗaki, gobe a wancan, har maƙwabta suka fara ɗaure fuska. Yayata da ke Kachia kuwa maganarta ɗaya ce kullum: "Kawo ta nan, ke ki yi aikinki." Ni kuma na kafe. Na rasa gida, na rasa miji, ba zan ƙara da ita ba.

Wata Lahadi fasto ya sanar cewa gwamnati ta ware kuɗin gina gidajen renon yara, za a raba wa al'ummomin da suka fi buƙata. To, wa ya fi mu? Da yake ni ce magatakardar zumuntar mata, aka miƙo mini takardar bayan sujada, dattawa suka zauna kewaye da ni.

Da na zo layin da ake tambayar inda al'umma take, na ɗora biro zan rubuta unguwar da muke haya. Babban dattijonmu ya riƙe mini hannu.

"'Yata, me za ki rubuta?"

"Inda muke, Baba."

"Nan ba inda muke ba ne, nan inda muka fake ne. Ranar da muka rubuta wa gwamnati da hannunmu cewa mu mutanen Kafanchan ne, ranar muka sallama gonakinmu. Gobe a fito mana da wannan takardar."

Gaskiya zuciyata ta ce mini akwai matsala, amma na tuna kabarin mijina yana can. Na rubuta sunan ƙauyenmu, har da gyara rubutu.

Sunanmu ya fito. Muka yi godiya a coci, muka buga tulun kiɗa, na yi rawa da yarinyar a bayana har zanina ya kwance. Sai da damina ta faɗi wani da ya leƙa gonarsa a ƙauye ya dawo ya ce ya ga ana sauke bulo a filin tsohuwar makarantarmu. Ƙauyen da ko kaza ba ta kwana a cikinsa.

Na tafi ofishin da muka kai takardar. Ma'aikacin ya ba ni kujera, ya buɗe fayil, ya juyo mini da rubutuna.

"Madam, inda kuka rubuta, nan muke ginawa."

Na ce to, na ji. Unguwar da muke haya ita ma ta samu nata, a karɓi yaranmu a can mana. Ya girgiza kai cikin ladabi, ladabin da har yau yake ƙona mini rai.

"Wancan na mutanen unguwar ne, kuma ya cika. Ai ku an ba ku naku."

An ba mu namu. Da ba mu samu komai ba, da wataƙila an tausaya mana an matsa mana wuri. A makon ne na haɗa kayan yarinyar a leda, na kai ta Kachia. Ta yi kuka, na yi kamar zan sayo mata biskit na gudu.

Da aka gama ginin, ni aka ba mabuɗi, wai don ni ce magatakarda. Sau ɗaya na je, a kan mashin, da rana tsaka. Gini ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. An zana giwa da haruffa a bango, ga ƙananan kujeru ja a jere, ko ledarsu ba a cire ba. Ciyawa ta kai taga. Na tsaya ina kallo, sai na ɗauki kujera ɗaya na rungume. Wanda ya ga dama ya kira shi sata.

Aiki da kuɗin mota suka hana ni komawa Kachia sai Kirsimeti. Na shiga gidan da kujerar a hannu. Yarinyar ta yi tsawo, an yi mata kitso irin wanda ban iya ba. Ta dube ni, ta dubi kujerar, ta ruga ta kama zanin yayata.

"Mama," in ji ta, "Anti ta kawo mini kujera."