Shitu da Dalmar Kan Inji

Shekara goma sha tara Shitu ya yi yana kanikanci a Ƙofar Ruwa, cikin Kano. Ana cewa in mota ta shigo layinsu, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta. Gaskiya ne ko zuƙi, shi dai bai taɓa musawa ba.

A 2007 ya sauka Guangzhou sayen kayan gyaran babur, garin ya yi masa, ya ƙi komawa. Ya raɓa a ɗakin taubashinsa Kallamu, mai harkar wanduna a kasuwar Canaan. Da shekara ta juyo aka shiga shirin wasannin Olamfik da za a yi a China, biza ta yi tsauri. Wanda tasa ta ƙare, sai filin jirgi. Ta Shitu saura wata biyu.

Kallamu ne ya samo masa hanya. Akwai wani ɗan China, Loban Fung, wato maigida Fung, mai gareji a bayan gari da motocin tsere biyu, yana neman kanike. Ya ce in Shitu ya kai su tseren watan Yuni lafiya, zai nema masa takardar aiki.

Ranar farko Shitu ya zagaya ɗaya daga cikin motocin sau biyu. Kujera ɗaya, ba rufi, tayoyi a waje tsirara, cikinta na shafar ƙasa.

"Ina fasinja yake zama?"

"A kanka," in ji Kallamu. "Yi shiru ka ji doka."

Loban na faɗa, Kallamu na juyawa da Hausa. Irin wannan gasa daga Turai ta samo asali. An ga cewa a tseren manya mai babban aljihu ke sayen babban inji ya cinye, sai aka ware wa matasa tasu, 'yan shekara sha biyar zuwa sama, waɗanda suka gama da ƙananan motocin koyo. Kowace mota jiki iri ɗaya, inji iri ɗaya, tayoyi a ƙidaye, don a ga wa ya iya tuƙi. Inji kuwa an ɗaure murfinsa da waya an danne da hatimin dalma mai lamba, ba mai buɗewa sai mutumin kamfani.

"To ni mene ne aikina?"

"Ka ɗaura taya, ka duba birki, ka goge."

"Ka ce mai wankin mota suke nema."

"Takarda kake so ko sarauta?"

Shitu ya gyaɗa kai. Maganar dalma ta shiga kunnensa ta wuce, don a Ƙofar Ruwa hatimin kamfani shi ake fara yankewa kafin a tambayi mai mota sunansa.

Tseren a Zhuhai aka yi, tafiyar awa biyu da wani abu. Ranar Asabar ana gwaji, motar ta wuce ta gabansa, ya ji wani ɗan ƙas-ƙas a saman injin. Ya gaya wa Loban. Loban ya duba kwamfuta ya ce, "Meyo, meyo," wato babu komai. Mutumin kamfani ma kwamfutar ya duba, ya wuce, don mota ashirin ke jiransa.

Da rana kowa ya tafi cin abinci. Shitu ba ya cin nasu, sai aka bar shi shi da motar da filaya. Ya yi minti biyar yana kallonta, sannan ya yanke wayar. Wani ɗan sifirin ne ya tsage, daidai inda ya zata. Ya ciro irinsa daga tsohon inji a bayan motar kaya, ya sa, ya rufe. Minti arba'in.

Ranar Lahadi direbansu, ɗan wani mai masana'antar tayil wanda bai taɓa wuce na tara ba, ya zo na uku. Loban ya rungumi kowa har da wanda bai sani ba. Aka jera motoci ukun farko don dubawa, jami'in gasar ya iso da fayil a hannu.

To, kaniken kirki a Kano in ya canza abu, sai ya damƙa wa mai mota tsohon, kada gobe a ce ya sace ko bai yi aikin ba. Shitu ya ratsa mutane da baƙar leda, ya miƙa wa Loban da hannu biyu, yadda ya ga 'yan China na miƙa kati.

"Taubashi," Kallamu ya ce ƙasa-ƙasa, "mene ne a ledar nan?"

"Shaidar aiki."

Loban ya zazzage ta a tafin hannunsa: sifirin, guntuwar waya, dalma mai lamba. Jami'in ya sa yatsa biyu ya ɗauki dalmar, ya duba lambar, ya duba fayil ɗinsa. Har godiya ya yi wa Shitu, ya ce ba a taɓa sauƙaƙa masa aiki haka ba. Aka soke na ukun. Loban bai yi faɗa ba, ya dai karɓi rigar aiki da katin shiga daga hannun Shitu.

A bas ɗin dawowa Kallamu ya ce, "Da ka bar injin ya fashe, laifin kamfani ne, kai kana nan da aikinka."

"Ina ji yana kuka in bar shi?"

"Ɗanka ne?"

"Amma ka ji tashinsa a zagaye na ƙarshe?"

"Na ji. Za ka ji na jirginka ma, ranar ashirin ga wata."

Haka kuwa aka yi. Kallamu ya raka shi filin jirgi da jaka biyu na kayan babur. Ranar da aka buɗe Olamfik Juma'a ce, ƙarfe ɗaya na rana a Kano. Shitu ya leƙa talabijin ɗin wani mai shago, ya ga wasan wuta, ya ɗauki dardumarsa ya nufi masallaci.