Ranar Da Na Auna Malam Sabi'u Daga Titi

Wata Laraba ce a hutun bazara, ina ɗan shekara goma sha biyu, zafin Alƙahira na neman narkar mini da silifas, Usta Haruna ya rataya mini tef a wuya ya ce in je in auno Malam Sabi'u. Usta shi ne telan da Baba ya kai ni wurinsa a unguwar Ard al-Liwa, Bahaushen Sudan mai gashin baki kamar tsintsiya. Wata uku na yi a shagonsa ina shara da ɗinka maɓalli, kuma ya yi alkawarin ranar da na iya awo zai ɗora ni kan keken ɗinki.

Malam Sabi'u ɗalibi ne daga Katsina. Yana da jarrabawar baka ranar Asabar, jallabiyarsa ta fita kunya kuma ɗaya ce tak, ta ɗan yi masa tsawo, yana so a rage. A hawa na shida yake, babu lif, matakalar kuwa na rantse ta fi dalar Fir'auna. Sai na tsaya a titi na ƙwala masa kira. Ya leƙo ta baranda, na ce ya zuro rigar a kwandon nan mai igiya da mutanen sama suke sayen burodi da shi. Na kanne ido ɗaya na ƙare masa kallo, na ga ɗan guntun mutum, na rubuta lambar da ta zo kaina. Ashe bangon baranda ya ɓoye ƙafafu dogaye kamar falwaya. Usta bai taɓa ganinsa ba, ya yarda da ni, ya sa almakashi.

Washegari Malam ya zo gwaji, riga ta tsaya cak a gwiwa. Ya dubi ƙwaurinsa ya yi salati, kamar zai yi kuka. Usta bai ɗaga murya ba. "Bashir, tef ɗin nan ya taɓa jikin Malam?" Na ce a'a. Ya ce, "In ba ka auna ba, ka ce ba ka auna ba. Yalla, maza ɗauko abin da muka yanke." A shagonsa ba a zubar da ƙyalle sai mai riga ya saka ya tafi. Ya mayar da guntun, ya rufe mahaɗin da aikin zare, ni kuma na hau benen nan sau uku don gwaji, harshe a waje. Malam ya ci jarrabawarsa. Keke kuwa sai da na ƙara jiran wata shida.

Yanzu shekarata goma sha bakwai, keken bakin ƙofa nawa ne, kuma duk layinmu babu mai haɗa wuyan riga kamar ni, ku tambaya. Mutane suna turo awo ta waya, ni dai sai na je da tef. Idon Usta ya yi rauni, ni nake zura masa zare, bai kuma ƙara tambayata ko na auna ba. Wani lokacin har kewar tambayar nake yi.